Gicciye Biyu a Gaban Sunan Arcadio

A rumfar mai gahawa, bakin filin sukuwar Caracas, Yusmary ta leƙa takardar jerin dawakin tsere da ke hannun wani dattijo.

"Baba, sabon mai horar da dawakin nan, Arcadio, ya iya aiki kuwa?"

"Ai yaron wuta ne! Tsere goma sha biyu, ya ci biyar."

"To gicciye biyun nan da ka zana fa?"

"Dawakinsa ne da suka karye ana tsakiyar gudu. Ba ya barinsu su huta."

"Mahayan fa?"

"Wa ke lissafa mahaya, 'yata? Ke dai zuba kuɗinki kan dokinsa, lamba shida."

Ta ajiye kofin gahawarta.

"Ba caca ta kawo ni ba, Baba. Mijina ne zai hau shi."