Rabin Addu'ar da Mijina Ya Tafi da Shi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu.

Matan zumuntar cocin nan sun tsallake gidana shekara biyu a jere. Da wannan zan fara, kuma ba zan nemi afuwa ba, domin haka aka yi. Kowane watan Oktoba ana zagayawa gida-gida da addu'ar carbi, yau gidan wannan, gobe gidan wancan. A layinmu na Kagarawal gidajen Katolika uku ne. Sun shiga na farko, sun shiga na uku. Nawa ne na tsakiya. Ina zaune a kan tabarma da yamma, ina jin takunsu da waƙarsu suna wuce ƙofata.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce ni na hana. Gaskiya ne, da bakina na ce kada ƙafar kowa ta taka gidana. To amma wa ya ce ku ji maganata? Tun yaushe aka fara jin maganar Hannatu a cocin nan?

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Maman Istifanus, matar marigayi Malam Bitrus kafinta. Ni ba haifaffiyar Katolika ba ce. A wata coci dabam na taso, can wajen Kaltungo, aure ne ya kawo ni cikinku. Karatu kuwa sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in kun ga maganata ba ado, ku ɗauke ta yadda ta zo.

Mijina mutumin carbi ne. Kullum in ya rufe shago ya watsa ruwa, sai ya jawo 'yar kujerarsa bakin madafi ya zauna. Kun san yadda muke yi: mai jan addu'a ya faɗi rabin farko na "A gaishe ki Maryamu", sauran su amsa da rabi na biyu. To shi ke ja, ni ke amsawa daga bakin murhu, muciya a hannu, hayaƙi a ido. Wani lokaci a tsakiyar addu'a sai in ce, "Baban Istifanus, masara ta ƙare fa, kuma ba iska za mu ci gobe ba." Sai ya jira in gama, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Shekara talatin da ɗaya muna haka. Ban taɓa riƙe carbin ba. Cewa nake wannan ƙirge-ƙirgen na waɗanda ba su da aikin yi ne.

Da damina ya kwanta rashin lafiya, mako biyu Allah ya karɓi abinsa. Yara suka zo daga Abuja da Jos, aka yi jana'iza, kowa ya koma wajen aikinsa. Ban ga laifinsu ba. Ranar da gida ya zama nawa ni kaɗai, na ɗora tukunya da yamma kamar kullum. Ruwa ya tafasa. Sai na kama kaina ina jira. Amsa tana bakina a shirye, amma babu mai farawa.

Wayyo Allah! Ranar ban tuƙa tuwon ba.

Oktoban shekarar da ya rasu na bi mata zuwa addu'a a Nasarawo, gidan Rifkatu, Maman Godiya, wadda ke shugabantar zumunta a lokacin. Mata cike da tsakar gida. Da aka zo goma ta uku ta ƙwayoyin carbin sai ta ce, "Yau za mu girmama Malam Bitrus. Maman Istifanus, ja mana wannan." Wata ta saka mini carbi a hannu.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne rabi na biyu, amsar da na saba. Kowa ya yi tsit, don ba su san me za su amsa ba. Na sake gwadawa, shi ɗin dai ya sake fitowa. Rabin farkon na san ƙararsa a kunnena, da muryar mijina, amma harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Wata yarinya ta ƙyalƙyale. Sai Rifkatu ta ce, tana dariya, "Kai, Maman Istifanus! Shekara talatin a gidan Malam, ashe amin kawai kike zubawa?"

Na ce, "Gara ni amin nake zubawa. Ke gulma kike ja da carbi, ƙwaya ɗaya mutum ɗaya."

Na ajiye musu carbinsu a ƙasa, na faɗi abin da na faɗa game da ƙofar gidana, na tare keke na tafi.

Daga nan na rufe kaina. Mas ɗin safe, wato sujadar coci, nake zuwa, in zauna a bencin ƙarshe, in fita kafin a fara gaishe-gaishe. In na hango 'yar zumunta a kasuwa sai in shiga layin masu kifi. Na daina girkin kirki, don wa zai hura wuta saboda baki ɗaya? Gari da ƙuli, wani lokaci shayi. Rediyo ya zama abokin hirata, har gardama nake yi da shi. 'Yata tana turo mini addu'o'i ta waya, ba na buɗewa. Hawan jini ya kama ni. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce, "Mama, me kike tunani haka?" Na ce, "Ke dai rubuta magani."

Abin da nake tunani shi ne Rifkatu. Da ita nake tashi, da ita nake cin abinci. Ina tsara maganganun da zan faɗa mata in mun haɗu, ina gyara su, ina ƙara musu barkono. Mijina ya tafi, amma ba shi ne ya cika mini ɗaki ba. Ɗacin rai ne.

Bayan Oktoba na biyu na sauko da carbin Malam daga ƙusar da yake rataye. Kada wani ya ce bangaskiya ce ta sa ni. Fushi ne. Na ce zan koyi abin nan daga kai har ƙafa, in je in ja shi a gabansu, in ga bakin da zai yi dariya.

Na je wurin Baba Katekis, mai koyar da addini a cocinmu, ranar da na san ba kowa. Ya ba ni ɗan littafin addu'a, ya nuna mini: a kan gicciye a faɗi shaidar bangaskiya, sai "Ubanmu" ɗaya, gaisuwar Maryamu uku, sannan goma-goma har sau biyar, kowace goma da asirinta daga rayuwar Yesu da za a yi tunani a kai. Ya ce in riƙa zuwa ajin yara ranar Asabar. Na ce, "Baba, na gama zama a benci da jikokina. Zan yi a gida."

Sai na ɗauki abin yadda na san karatu. A ajinmu na manya, in ka ɓata layi sai ka goge ka sake daga farko. Haka na yi wa carbi. Littafi a hannun hagu, carbi a dama, tabarau yana zamewa a hanci saboda gumi. Ina bin rubutu, ina ƙirga a kai, ɗaya, biyu, uku. In na ɗaga ido sai layi ya ɓace. In na samu layi sai in manta ko ta shida nake ko ta bakwai. Sai in koma kan gicciye in sake. Mako biyu ban wuce goma ta farko ba! An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce lallai ni busasshe ce, sai dai wuta.

Maƙwabciyata ta bayan katanga Hajiya Binta ce, Bakatsiniya mai sayar da daddawa. Ita ba ta cikin waɗanda na hana, kuma ko da na hana ta ba ji za ta yi ba. Bayan la'asar takan shigo ta zauna a inuwar dogon yarona da nata carbin, tana ja tana kallon kaji. Wata rana ta daɗe tana kallona ina fama, sai ta ce:

"Maman Istifanus, wai addu'a kike yi ko jarrabawa?"

Na ce, "Hajiya, ba addininki ba ne, bar ni."

Ta ce, "Ni ban san abin da kuke faɗa ba, kuma ban tambaya ba. Amma carbi na riga ki riƙe shi da shekara arba'in. Me kike ƙirgawa da kai alhali ga ƙwaya a hannunki? Yatsa ne ke ƙirga, don zuciya ta samu sarari. Kin bar yatsa yana hutu, kin ɗora wa kai kaya biyu. Ajiye takardar nan, ki haddace abin da za ki faɗa tukuna."

Na ce, "In na yi kuskure fa?"

Ta ce, "Sai ki wuce. Allah malamin aji ne da zai bi ki da jan biro?"

Na harare ta, amma na ajiye littafin. Rabin farkon nan na riƙa maimaita shi ina tsince wake, ina shara, ina wanki, har ya zauna. Kwana huɗu kacal. Abin da na ƙi ɗauka shekara talatin da ɗaya.

Sai dai wata wahalar ta fito da ban yi zato ba. In na faɗi rabin farko, sai bakina ya tsaya da kansa, yana jiran amsa. Babu kowa. Sai kukan kaji da ƙarar acaɓa a waje. A wannan ɗan shirun na gane wurin da mijina ya zauna duk shekarun nan, yana faɗa yana jira, ni kuma ina jefo masa amsa kamar mai jefa wa kare ƙashi. Bai taɓa cewa komai ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sannan na share ido, na amsa wa kaina. Haka na koyi faɗin addu'ar duka, ni mai ja, ni mai amsawa.

Wata Lahadi lokacin zafi, a sanarwar coci, aka ce a sa Maman Godiya a addu'a. Ta faɗi a banɗaki ta karye a cinya, wata guda ke nan tana kwance. Ku ji abin da zuciyata ta ce a cikin ɗakin Allah: "Alhaki ne." Haka ta ce, kuma na ji daɗi.

Washegari Litinin, ranar asiran farin ciki. Da rana tsaka, ba wuta, na shimfiɗa tabarma a inuwa na fara. Goma ta farko ta wuce lafiya. Na duba littafi don asiri na biyu: Maryamu ta tashi ta tafi gidan tsohuwar 'yar'uwarta Alisabatu. Na sha jinsa. Amma ranar yatsa na aikinsa, kai kuma ba shi da abin ƙirgawa, sai ya shiga tunani. Yarinya da ƙaramin ciki, ga mutanen gari da bakinsu, ita ce ya kamata a zo a duba. Ba wanda ya aika mata. Ta ɗaura zane ta hau hanya zuwa wurin tsohuwa.

Na ce da ƙarfi, "Uwa, ke wa ya gayyace ki?"

Ƙwaya ta uku, fuskar Rifkatu ta zo mini. Na kore ta. Ta huɗu, ta dawo, a kwance, tana kallon rufin ɗaki kamar yadda nake kallon nawa. Na ce, "Yesu, kada ka yi mini haka. Ita ta fara." Ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma duk lokacin da na ambaci sunansa a tsakiyar gaisuwar nan, sai in ji maganganun da na tara wa matar nan suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kai ta goma na neme su na rasa. Na ce, "To, Ubangiji, na gaji. Karɓi kayan nan, sun fi ƙarfina."

Ranar na kai ƙarshen goma biyar karo na farko a rayuwata. Na tashi na hura wuta, na tuƙa tuwo, na ci har da ƙari. Yabo ga Yesu!

'Yan'uwa, har yau ina shan maganin hawan jini, kada wani ya je ya ce Hannatu ta ce carbi ya maye asibiti. Gidan ma har yau shiru ne, kujerar Malam tana nan ba kowa a kai. Amma abin da ke cin raina ya sake ni, kuma ba ni na kore shi ba. Na gode wa Allah da ya karɓi addu'ar da aka fara da mugun nufi. In akwai wadda take motsa baki a cikin taro don kada a gane ba ta iya ba, ko wadda ta rufe ƙofa tana jiran a ƙwanƙwasa, ki dogara gare shi, ki fara da abin da kike da shi, ko rabi ne.

Da gari ya waye ranar Talata na dama kunun gyaɗa, na cika fulas, na tare keke zuwa Nasarawo. Sau biyu na kusa ce wa mai keken ya juya. Na yi sallama, ba wanda ya amsa, na ɗaga labule. Tana kwance, ta rame, ƙafa a ɗaure.

Ta ce, "Wa nake gani kamar Hannatu?"

Na ce, "Ni ce."

"Dariya kika zo yi?"

"Da dariya na zo yi da ban ɗauko kunu ba. Janye ƙafar mai lafiyar in zauna."

Ta janye. Na zauna. Sai na ce, "Ina carbinki?"

"Yana ƙarƙashin filo. Na kwana biyu ban taɓa shi ba, ni kaɗai ba ya shiga."

Na ce, "Ɗauko. Yau ni zan ja, ke ki amsa. In na yi kuskure ki gyara mini. Amma in kika yi dariya, Maman Godiya, da kununa zan tafi."