Da Na Daina Sha Aka Daina Gaishe Ni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Tandabawi a Makka nake rubutowa, a sakaya sunana.

Na daɗe ina shan giya a ɓoye, kowa na girmama ni. Da na gaji, na samu wani zama a Jidda inda masu irin matsalata ke ƙarfafa juna. Maƙwabcina mai tasi ya kai ni, kafin Juma'a ya baza ni a unguwa. Yanzu ko walima ba a gayyatata. Shi kuwa mai sayar min da giyar, har gobe da hannu biyu ake gaishe shi.

Ban koma sha ba, ban fasa zuwa zaman ba. Amma jama'a ku faɗa min, ɓoyewar kuka fi so?