Kwalba Mai Kauri da Rijiyar Manu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma wakilin Hakimi. Dagatai da masu unguwanni na ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram. Limamai da malamanmu, Allah Ya ƙara muku sani. Shugabannin Ƙungiyar Manoma. Alhaji Sada da 'yan kwamitin sayen kaya. Mutanen Kangire da suka yo sammako a ƙafa. Mutanen Sundimina da na Maruta. Iyayenmu mata da ke bayan zana, waɗanda ba na ganinsu amma na san suna ji. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Godiya ta farko ta Allah ce. Bayanta ina gode wa Ƙungiyar Manoma da ta gina wannan ɗaki na gwajin ruwa ba tare da ta jira gwamnati ba, a zamanin da kowa ke zaune yana jiran kuɗin mai su iso ƙofar gidansa. Ina gode wa waɗanda suka buga bulo, da waɗanda suka ɗora kwano, da matan da suka yi ta jigilar ruwan gini a ka. Ɗaki ya yi kyau, kuma yabonsa nasu ne.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Abdulsalami, mutumin Yawuri. Ma'aikata ce ta turo ni nan aikin gwajin ruwa. Ba ni na roƙa ba, ku ma ba ku roƙe ni ba. Na daɗe a cikinku, na ci tuwonku, na bi jana'izarku, kuma har yau in an tashi kwatance sai a ce baƙon nan mai kwalabe. Ba ƙara nake kawowa ba, iyaka ina so ku sani ba ni da gona a Kangire, ba ni da suruki a Gwaram, saboda haka abin da zan faɗa babu wanda nake karewa da shi.

Abu biyu aka tara ku a kai. Na ɗaya, a buɗe ɗaki, an kuwa buɗe. Na biyu, a ji daga bakina ko za a cike rijiyar da Manu ya haƙa a Kangire. Na ga ma wasu sun zo da shebur, sun jingine shi a gindin dalbejiya.

Bari in maimaita yadda aka yi, domin mutanen nesa. Manu mai haƙar rijiya ne, ga shi can zaune a ƙarshen tabarma, inda babu wanda ya yarda ya zauna kusa da shi. Bara ya haƙa wa Kangire sabuwar rijiya. Da damina ta ɗauke, sai ciwon ciki ya shiga yaran unguwar, har da 'yar Malam Hambali, wadda har yanzu ba ta miƙe sosai ba. Aka kawo mini ruwan rijiyar a tulu, aka ce in duba. To, matakin farko a irin wannan gwaji shi ne a tafasa ruwa a cikin gilashi har ya ƙafe, a ga abin da ya bari a ƙasa, ko kanwa ce, ko gishiri, ko tsatsar ƙarfe. Na ɗora kwalba a kan risho, jama'a sun cika taga suna kallo, sai kwalba ta fashe. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa: ruwan Manu ya fasa kwalbar Turawa, ina ga hanjin yaro. Na tsaya a bakin tagar nan na ce laifin kwalba ne, amma ƙarar fashewar ta fi muryata nisa.

Tun daga ranar, mutanen Sundimina sun tsayar da Manu daga rijiyar da yake haƙa musu, wadda ya kai rabi. Matarsa in ta je ɗiban ruwa sai a ce kada guganta ya shiga rijiyar mutane. Wannan shi ne abin da ke gabanmu, kuma tushensa ba a Kangire yake ba, a wani kanti yake a Kano.

Lokacin da za a je sayen kaya, na nemi a tafi da ni. Aka ce mini dukiyar jama'a dattawan gari ne ke riƙe ta, kuma su ne ke zuwa ciniki. Wannan al'ada ce mai kyau, ta tsare ku daga ɓarayi da yawa, ban yi musu ba. Na dai faɗa wa kwamiti cewa kwalaben da ake ɗorawa a wuta sirara ne, marasa nauyi. Alhaji Sada da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya faru a kantin, kuma ya yarje mini in faɗa. Ya ce mai kanti ya miƙo masa sirariyar, ya ɗaga ta sama, ya ɗan buge ta da farce, ya ce, "Haba! Wannan ai ɓawon ƙwai ne. Kafin mu wuce Wudil ta zama gari. Ka ga mun yi kama da waɗanda za ka yi wa wayo? Kawo ta ƙwarai." Mai kanti ya ce, "Alhaji, ita ce ta ƙwaran." Alhaji ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake sayen randa." Sai mai kanti ya shiga ciki ya fito da masu kauri. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne, wadda ta yi amo ya ajiye dama, wadda ta yi dum ya mayar.

Ina jin ana dariya a baya. Ina roƙo a daina. Wanene a cikinku zai sayi tukunya bai ƙwanƙwasa ba? Wanene zai bar mai kauri ya ɗauki sirariya, alhali dukiyar marayu da gwauraye ce a hannunsa? Alhaji ya yi abin da ubansa ya koya masa, ya yi shi da amana. Mai kanti ma bai cuce shi ba, abin da aka tambaya ya bayar. Kwalaben nan masu kyau ne, na ajiyar sinadari ne, za mu yi amfani da su shekara da shekaru. Kuma zan ƙara da wannan: Alhaji ya shirya su a cikin ƙaiƙayin gero yadda masu tukwane ke yi, suka iso nan ko ɗaya ba ta tsage ba. Na ga akwatunan da suka zo daga Ikko da hatimin gwamnati, rabinsu gari. Da za a ji tawa, da ƙaiƙayi za a riƙa shirya kayan ma'aikata.

Amma gilashi ba yumɓu ba ne. In wuta ta taɓa gilashi mai kauri, bayansa ya yi zafi ya buɗe, cikinsa yana nan da sanyi bai motsa ba, sai ya rabe. Sirariyar nan da aka raina, zafi yana ratsa ta gaba ɗaya, kuma da wani irin haɗi dabam aka narka ta. Ranar da aka kawo ruwan Kangire na ce mai kaurin nan ba za ta jure wuta ba. Alhaji ya ce, "Malam, gwada dai, ka ga kaurinta kuwa?" Malam Hambali yana tsaye a bakin ƙofa, 'yarsa tana gida a kwance. Na rage wuta, na ɗora. Sauran kun sani.

Saboda haka, tun da za a sake komawa kanti, ga abin da nake so kwamiti da jama'a su riƙe.

Na farko, kwalbar wuta da nauyinta ba a gane ta, da amonta ba a gane ta. Akwai tambari a jikinta, ni na san shi, zan nuna wa Alhaji, daga ranar shi ma ya sani, ba sai an sake neman baƙo ba.

Na biyu, kayan awo. Akwai wani dogon bututun gilashi mai zane-zane a jiki da ɗan famfo a ƙasa, wanda ke sakin sinadari ɗigo-ɗigo. Da shi ake sanin yawan abin da ke cikin ruwa, domin kowane ruwa yana da kanwa da gishiri, har wanda kuka sha yau. Tambayar ita ce nawa ne. A mudu, in an yi tsiri ko an shafe, ciniki ne tsakanin mutum biyu. A nan, ɗigo biyu na iya zama bambancin a sha da kada a sha. Irin wannan bututu ba a sayen na hannu, ba a sayen wanda zanensa ya goge, komai arharsa.

Na uku, kuma a nan zan ɓata wa wasu rai, babu karɓar gyara. Na san ciniki ba ya daɗi in ba a ɗora wani abu a kai ba, kuma na san kwamiti ya dawo yana murna da gwangwanin farin gari da mai kanti ya ba su gyara. Babu takarda a jikinsa. Ban san ko menene ba, mai kantin ma ina zaton bai sani ba. Yana can na kulle shi, ba zan iya amfani da shi ba, ba zan iya zubarwa ba, don kada awakinku su lasa. Sinadarin da ba shi da suna a jiki kaya ne aka ɗora mini.

Sai kuma iyayenmu mata, da girmamawa. Wata safiya na zo na tarar an wanke mini kwalabe tas da toka da yashi, suna ƙyalli. Allah Ya saka da alheri, na san don a kyautata mini aka yi. Amma toka 'yar'uwar kanwa ce. In ta saura a kwalba, na zuba ruwan rijiyar wani, gwaji zai ce akwai kanwa, a je a cike rijiyar bawan Allah saboda tokar murhun gidan wani. Wankin kwalba a bar mini shi. Ba ni da iyali a nan, lokaci ne da ni har ya yi mini yawa.

Yanzu, mai girma shugaba, ina neman izini. Ga risho na kunna, ga ɗaya daga cikin kwalaben da Alhaji ya zaɓa, wadda ta fi kowacce amo. Ina roƙon Malam Liman ya taso da kansa, don kada a ce na yi wata dabara, ya ɗebo ruwa daga randar da ke bayan kujerunku, wadda aka shayar da manyan baƙi daga cikinta ɗazu, ya zuba, ya ɗora. Madalla, Allah Ya gafarta Malam. Yara su ja baya. Na gaba, ku janye ƙafafunku.

Kafin ta yi zafi, bari in faɗi abin da ban ce ba. Ban ce ruwan rijiyar Manu lafiya lau yake ba. Ban sani ba. Yaran Kangire sun yi ciwo, wannan gaskiya ne, kuma Malam Hambali da ya fi kowa matsawa a cike ta, da ni ne a matsayinsa, da ni ma shebur zan ɗauko. Mai yiwuwa rijiyar ce. Mai yiwuwa kududdufin da yara ke wasa a ciki ne, ko wani abin da ba aikina ba ne, aikin asibiti ne. Abin da na ce kawai shi ne, har yau ba a gwada ruwan nan ba. In kuka cike ta yau, kuma ba ita ba ce, kun rasa rijiya, Manu ya rasa sana'arsa, ciwon kuma yana nan yana jiran wata daminar, ba ku san inda yake ba.

To. Kun ji, ita ma ta fashe.

A zauna, a zauna, babu wanda ya yanke. Malam Liman, sannu. Ruwan da mai girma wakilin Hakimi ya sha ke nan, da shugaba, da dagatai, kuma ga su nan zaune ƙalau. In fasa kwalba ne shaidar guba, sai a fara cike rijiyar gidan da aka ɗebo wannan.

Ga roƙona. A rufe bakin rijiyar Kangire da katako, kada a sha, kada a cike. A mayar da shebur gida. Mutanen Sundimina su bar Manu ya koma ramin da ya bari kafin ya rufta, a bar matarsa ta ɗebi ruwa kamar kowa. Kwamiti ya koma Kano, dukiya tana hannun Alhaji Sada kamar yadda al'ada ta ce, shi zai yi ciniki, shi zai shirya kaya a ƙaiƙayi, ni dai in tsaya a gefensa in nuna da yatsa. In babu a Kano, don an ce jiragen ruwa sun yi cincirindo a Ikko ba a sauke kaya, sai mu bi su can. An ba ni hutun Babbar Sallah in je Yawuri, da shi za a yi tafiyar. Maiɗakina Zahara'u za ta ji labari, ba wannan ne karo na farko ba.

Ranar da kayan suka iso, zan gwada ruwan, ƙofa a buɗe, Malam Hambali a damana, Manu a haguna. In ruwan ba shi da kyau, ni zan faɗa, a gaban Manu, kuma ni zan fara zuba ƙasa a rijiyar. In yana da kyau, ni zan fara sha.

Allah Ya ba 'yar Malam Hambali lafiya, da sauran yaran Kangire. Allah Ya saka wa Alhaji Sada da 'yan kwamiti a kan amanar da suka riƙe. Allah Ya tsare mu daga yanke hukunci a kan abin da ba mu auna ba. Allah Ya albarkaci rijiyoyinku da gonakinku, Ya ja zamanin shugabanninmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, na kusa yau, na nesa ran da Ya so.

Manu, taso ka matso cikin mutane, akwai wuri a tabarmar gaba.

Na gode.