Dangin Ɓerayen Siton Yaya

Yaya: Alo? Alo! Wa ke nan?

Auta: Salamu alaikum, Yaya. Auta ne.

Yaya: Wa alaikumus salam. A'a, Sarkin Tarko! Yau an tuna da talakawa. Ina wuni?

Auta: Lafiya lau. Ya gida? Ya shago?

Yaya: Alhamdu lillahi. Ya mai jego? Ya jaririn?

Auta: Suna lafiya, sai tsotso.

Yaya: Cibiyar ta faɗi?

Auta: Tun shekaranjiya. Ya ƙafar taki?

Yaya: Tana nan tana cina. Ya aikin naku na yanke wa ɓeraye wutsiya?

Auta: Yaya, bincike ne fa.

Yaya: Bincike! Mutum da gemunsa da 'ya'ya uku, yana bin kwata da almakashi. Ita kuma Daktar taku, an ce shekara goma ta yi a jami'a, ta fito ta rasa wanda za ta duba sai ɓera. Allah wadaran naka ya lalace.

Auta: Baƙon ɓeran nan take bi, ƙaton nan da ba ya tsoron kyanwa, mai cinye 'yan tsaki da wayar lantarki. So take ta gano ta inda ya shigo gari da hanyar da ya bi.

Yaya: To ta tambaye shi fasfo mana.

Auta: Kusan haka ne. Daga ɗan guntun wutsiya take karanta ƙwayoyin halittarsa, ta ce wannan ɗan wancan ne, wancan jikan wannan... Alo? Kina ji na?

Yaya: Ina jin ka, dariya nake. Yanzu har ɓera ya samu mai tsara masa zumunci? Mu nan 'ya'yan kawu ma ba mu gama sani ba. Kai, rashin aikin yi bai yi ba.

Auta: Yaya, kina zaune ne ko a tsaye?

Yaya: Ina kan buhun sukari. Me ya faru? Jaririn ne?

Auta: A'a. Maganar sitonki ce.

Yaya: Sitona? Me ya haɗa sitona da shirmenku?

Auta: Kin tuna wata biyu da suka wuce, Dakta ta ba ni kwalabe, ta ce in ɗana tarko a unguwa goma sha biyu, kowace unguwa in kawo wutsiya biyar, in rubuta sunan unguwar a jikin kwalba?

Yaya: Na tuna kana ta kuka da rana.

Auta: To a satin babur ɗina ya lalace. Ke kuma kika ba ni makulli kika ce in rage miki na bayan katan-katan ɗin biskit.

Yaya: Shi ne kaɗai amfanin da na taɓa ci a aikinka.

Auta: Kwana huɗu na kama sittin.

Yaya: Ka yi a hankali, akwai mutane a shago. Sittin ɗin uban wa? Sha wani abu dai.

Auta: Sittin cif. Sai na ga ga sittin a hannu, ga kwalabe sittin, ga babur a wurin bakanike...

Yaya: Auta! Ba ka je unguwannin ba?

Auta: Na zauna a kan bencinki na rubuta sunayensu.

Yaya: Hahaha! Wallahi yau ka burge ni. Ka ga bokon nan? Ɓera ai ɓera ne. Ta sa a firji ta yi ta lissafi, an yi wa mai digiri sakiyar da ba ruwa. Madalla!

Auta: Ta gane.

Yaya: Ta me? Layin yana yankewa, fita daga inda kake.

Auta: Na ce ta gane! Ta kira ni ofis ta juyo mini kwamfuta. Ta ce, malam, wannan da ka ce daga bayan tasha yake, da wannan da ka ce daga gaɓar kogi, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, goyo ɗaya ma. Ta ce ko dai uwar tana hawa tasi tana rarraba haihuwa, ko kuma rami ɗaya ka zauna wa.

Yaya: Ji 'yar rainin wayo! Kai kuma ka tsaya kamar gunki? Ka ce mata na'urar ce ta sha zafi.

Auta: Ramin ƙarya ƙurarre ne, Yaya. Ta ce in faɗi wurin ko in ajiye musu tarkunansu.

Yaya: Sai ka ce sharar kasuwa. Ko garejin mai walda, shi da ƙazanta ai ɗan gida ne.

Auta: Na ce garejin mai walda. Suka je suka kama, ba dangin ba ne. Nasa ƙananan ɓerayen gida ne, 'yan asali.

Yaya: To ka ga! Sai su bar maganar, su nemi wani aikin banzan.

Auta: Ba su bari ba. Ta tura wasu mutum biyu da mota, suka bi unguwa goma sha biyun da gaske, suka kawo wutsiyoyi. Jiya sakamako ya fito.

Yaya: Ya fito ka yi ƙarya, an sani. Korar ka suka yi? Ka zo ka riƙa sauke mini kaya, da ma na gaya maka.

Auta: Ya fito ban yi ƙarya ba.

Yaya: Ban gane ba.

Auta: Na gaɓar kogi, na bayan tasha, na layin makaranta, duk jikokin na sitonki ne. Abin da na rubuta a kan benci da ka, shi ne gaskiyar. Ta ce kakanninsu daga ƙetare suka zo cikin kwantena, wajen shekara biyu, suka sauka wuri ɗaya suka hayayyafa, daga nan wani yake ɗaukar su a mota yana kai wa kowace unguwa.

Yaya: Wani wa?

Auta: Ta zana taswira. Duk ɗigon da ta saka, ƙaramin shago ne. Suka tambayi masu shagunan wa ke kawo musu katan ɗin biskit da taliya.

Yaya: Munafukai! Mutanen da nake wa sauƙi? Ni kaɗai ce mai sito a garin nan? Wutsiya ce za ta ba da shaida a kaina, ni da na shekara ashirin da biyu ina buɗe ƙofar nan? Wutsiya! To a kai ni gaban alƙali, a tsayar da ɓeran ya rantse.

Auta: Ba alƙali ba ne, duba-gari ne. Sun ce za su rufe siton, a fitar da kaya a duba buhu-buhu, wanda aka taɓa a ƙona.

Yaya: A ƙona? Kayan da na sauke ranar Litinin? Auta, siton nan da shi na aurar da kai. Yaushe za su zo?

Auta: Yau.

Yaya: Yau ɗin ƙarfe nawa? Wannan ƙarar injin da nake ji fa?

Auta: Mun tsaya shan mai ne. Na zagaya bayan gidan man na kira ki.

Yaya: Mun? Kana cikinsu?

Auta: Ni ke nuna hanya. Ko ban nuna ba suna da adireshin, Yaya, wallahi.

Yaya: Lallai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To ji nan, ba lokacin zagi ba ne, zan zage ka daga baya. Ka bi da su ta hanyar gada, ka ce wancan titin a rufe yake. Minti arba'in ya ishe ni. Motata tana ƙofa, zan sa a kwashe sababbin katan-katan ɗin a kai gidanka, a jibge a ɗakin nan na kusa da na mai jego. Kwana biyu kawai.

Auta: Gidana?

Yaya: Da gidan wa? Kira ta ta buɗe ƙofa.

Auta: A cikin katan ɗin fa suke tafiya, Yaya. Haka suka ci gari.

Yaya: Kai ma ka zama Dakta ke nan? Na ce kira ta!

Auta: Jaririn kwanansa tara. A katifa yake kwana, a ƙasa.

Yaya: Ni na goya ka, Auta. A bayan nan ka yi fitsari.

Auta: Na sani. Ban taɓa ce miki a'a ba.

Yaya: To kar ka fara yau.

Auta: A'a, Yaya.

Yaya: Me ka ce? Layin ne, ban ji ba. Sake faɗa.

Auta: Kin ji. Ga shi suna yi mini hon. Ki sa a kawo miki kujera, ƙafarki ba za ta ɗauki tsayuwa ba, aikin zai daɗe.

Yaya: Auta! Kar ka kuskura ka kashe mini wa... Alo? Alo!