Kada a Cire wa Direba Awarwaronta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan zama, shugabannin ƙungiyar marubuta, malaman da suka buɗe mana taro da addu'a, da abokan aikin marigayiya na makarantar firamare, ina gaishe ku. Mai kamfanin da ke buga littattafanta, na gan ka a sahun gaba. Ina gaishe ka, kuma zan dawo kanka. Baba, maigidanta, ya ƙarin haƙuri? Injiniya, babban ɗanta, kai da ƙannenka, Allah ya ba ku dangana. Sai ku matan shagon kitso da aka jera can baya kusa da ƙofa. Da marigayiya ce ta tsara kujerun nan, ku ne a gaba.

Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, kuma an ce in yi magana a madadin masu karatu. Mu ba marubuciya muke ce mata ba. Mai Babi muke ce mata, domin duk ranar Asabar za ta shigo shagon kitso da sabon babi a jakarta.

Ta kasance malamar aji, mai alli a gefen hannun riga, wadda ba ta iya tsawa ba amma ajinta ya fi na kowa natsuwa. Ta kasance mai rubutu a kan teburin cin abinci, bayan ta ture kwanuka gefe. Ta kasance mace wadda ba ta taɓa kai shafi ɗaya wurin ɗab'i ba sai mata sun ji shi da kunnensu.

Waɗanda ba su taɓa shiga shagon nan ba, bari in shigar da ku. Ɗaki ne ƙarami, da madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka mai kuka, da benci ɗaya da ke ɗaukar mutum huɗu amma kullum shida ne a kai. Mai Babi za ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin mai kitso, an karkatar mata da kai gefe, tana karatu da ido ɗaya a kan takarda. In an ja gashin da ƙarfi, sai ta ce, "Wayyo! A hankali mana, jarumata na kan gada." Mai kitso ta ce, "To ki tsallakar da ita da wuri, ni ma ina da masu jira." Mun sha fita daga shagon nan da rabin kai a tsefe, saboda gardama ta cinye ranar.

A can aka haifi Direba, jarumar littattafanta. Duk wanda ya karanta Mai Babi ya san ta: matar da ke tuƙa motar asibiti, mai 'ya'ya biyu da miji mai ciwon baya. Direba ba ta shiga haɗari sai ta zare awarwaronta ta ƙulle su a bakin gyale. In ta gama, ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara ɗankwali a madubin mota. Wani lokaci ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kukanta, ta share ido, ta biya ta sayo wa 'yarta zaren ɗinkin rigar makaranta.

Na yi rayuwata a cikin littattafai, na kwashe su, na jera su, na karanta fiye da yadda idona ya so. Matan da ke cikinsu yawanci iri biyu ne. Akwai tabarma, wadda kowa zai taka ya wuce, a ce mata mai haƙuri. Akwai kuma namijin da aka aske wa gemu aka ɗaura masa zane, mai naushi da zagi, wanda bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Mai Babi ta duba duka biyun ta ce ba ta ga uwarta a ciki ba, ba ta ga maƙwabciyarta ba. Shi ya sa ta zauna ta rubuta.

Ba zan manta Asabar ɗin da ta kawo babin 'yan fashi ba. Sun tare hanya, Direba na ɗauke da mai naƙuda, haihuwa ta zo gadan-gadan. Mai Babi ta karanta har inda shugabansu ya ɗora bakin bindiga a kan tagar mota, sai ta ninke takarda ta ce, "To, me za ta yi?"

Wata lauya da ake wa kitso ta ce, "Ta bankaɗe shi da ƙofa ta ƙwace bindigar! Mun gaji da kuka."

Mai kitso ta ce, "Haba dai. A kawo mijinta kawai."

Aka ce, "Mai ciwon bayan?" Shago ya kwashe da dariya.

Mai Babi ta ce, "Ke kina so in mayar da ita namiji, ke kuma kina so in aiko mata da namiji. Ku duka biyu ku sha ruwa."

Asabar ta zagayo, ta karanta mana abin da ta rubuta. Direba ta sauko daga mota, ta zaro zane daga jakarta, ta miƙa wa shugaban 'yan fashin gefe ɗaya na zanen, ta miƙa wa yaronsa ɗayan. Ta ce, "Ku ja shi ya miƙe, ku juya fuskarku. Mace ce za ta haihu, kamar yadda aka haife ku." Zane kuwa ba ya miƙewa da hannu ɗaya. Sai da suka jingine bindigogin a jikin taya. A shagon kuwa, mai kitso ta riƙe tsinke a sama har sai da jaririn ya yi kuka.

Ta kasance mai sauraron kowa, amma ba mai bin kowa ba. Ta kasance tana zuwa ɗakin karatunmu da yamma tana koya wa manyan mata haɗa baƙi, ba ta taɓa karɓar ko godiya da hannu biyu ba. Mata nawa ne suka koyi karatu don kawai su daina jiran 'ya'yansu su karanta musu Direba? Kwafin da ke kan kantarmu sun yi laushi kamar tsumma, mun liƙe bayansu har mun gaji. Akwai yarinyar da ta riƙa aro tana maidowa, yau ita ke tuƙa motar asibiti da gaske. Ga ta can a tsaye, da kayan aiki ta zo, da ɗan kunnenta.

Yanzu na dawo kanka, mai ɗab'i.

Makon jiya ka aiko min da sabon bugun da kake shiryawa don makarantu, ka ce in duba in sa albarka. Na duba. An cire awarwaro. An cire madubi. An cire kukan, an cire zaren ɗinki. A babin 'yan fashi babu zane, Direba ta ƙwace bindiga ta harbe mutum uku. A bangon littafin an sa mata takalmin soja, ta murtuke fuska kamar wadda aka hana abinci. Na kira ka, ka ce min, "Hajiya, 'yan matan yanzu jaruma mai ƙarfi suke so." Ranka ya daɗe, wadda ta sa 'yan fashi ajiye makami ba ta zubar da jinin kowa ba, ita ce ba ta da ƙarfi? Me kake so 'yar aji shida ta koya? Cewa sai ta bar halittarta a bakin ƙofa kafin a kira ta jaruma? Marigayiya ko wata biyu ba ta yi a ƙasa ba. Da tana raye ba za ka iya kallon idonta da waɗannan shafuka ba, kai ma ka sani.

Injiniya, ɗana, an ce kai ake jira ka ce to, a fara bugawa. Ba na zarginka. Makoki ya sha maka kai, an zo maka da magana mai daɗi, an ce sunan mahaifiyarka zai shiga kowane aji. Amma na goya ka a shagon nan, kana barci a bayana ana karanta waɗannan babobi. Wadda za ta shiga ajin ba 'yar mahaifiyarka ba ce, baƙuwa ce aka sa wa sunanta. In aka buga dubbai aka raba wa yara, tsofaffin kwafinmu za su ƙarasa yagewa, nan da 'yan shekaru ba mai tuna asalin. Mu ba mu da iko a kan takardun. Kai ke da shi. Muna roƙonka a gaban jama'a, ko dai a buga yadda ta rubuta, ko a bari.

Baba, magana kake yi? Ku yi shiru, don Allah.

Na ji, Baba. Ku na baya ba ku ji ba, bari in maimaita. Ya ce, "A bar mata 'yarta yadda ta haife ta." Injiniya kuma ya miƙe ya ce ya ji, haka za a yi. Mai ɗab'i, kai ma ai kana kusa, ba sai na maimaita maka ba.

Baba, tun da na san ka ban taɓa jin ka ɗaga murya a taro ba. Allah ya saka maka da alheri.

Na wuce lokacin da aka ba ni, shugaba ya yi haƙuri. Mun gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, mun gode wa iyalan da suka ara mana uwarsu kowace Asabar ba su taɓa yin ƙorafi ba.

Ya Allah, baiwarka ta zo gare ka. Ta koyar da yaranmu, ta buɗe wa iyayensu ido, ba ta yi mana ƙarya game da kanmu ba. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Ka ba Baba haƙurin ɗakin da ya yi masa faɗi. Ka shirya mata zuriya. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amin. Wassalamu alaikum.