Na Yi wa Auren Saurayina Guɗa

'Yan'uwa, gaisuwa gare ku cikin sunan Yesu. Ni ce Rifkatu, mai ɗinki a nan Agege.

Shekara uku muna tare da Danladi. Direba ne, cocinsu na can Ojo. Kullum, "Rifi, bana za mu je Pankshin gaida iyayenki." Sai kira ya fara raguwa. In na kira shi, "Ina hanya, zan neme ki."

Ina ne ban je ba? Ƙawata ta ce in ja aji. Na ja, ko a jikinsa. Maƙwabciyata Iya Bose ta kai ni wurin wani mai duba a Abule Egba, ya ba ni mai a kwalba, wai in shafa ina kiran sunansa sau bakwai kowace safiya. Ni da nake cikin mawaƙan coci! Na yi ta "Danladi, Danladi" kamar mai talla.

Wata Lahadi, a cocin da nake zuwa a lokacin, aka karanta sanarwar auren wata 'yar'uwa da wani Bitrus. Kun san ni da guɗa. Na miƙe na rangaɗa ta har Fasto ya dara. Lahadi ta biyu ma haka. Har na ce wa amarya ni zan ɗinka anko.

Ta uku aka ce ango ya tashi a gan shi. Danladi ne. Ashe Bitrus sunansa na baftisma ne, bai taɓa faɗa mini ba.

Wayyo Allah! Kwana huɗu ko ruwa da kyar. Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta same ni kwance a ƙasa a shagona. Na ce, "Mama, sai na hana auren nan."

Ta ce, "Fasto da yarinyar za su ji komai, ni zan kai maganar. Amma ke, in an fasa, wannan za ki aura? Durƙusa."

Na durƙusa. Na ce, "Yesu, na gaji. Ban ce ka dawo da shi ba, ka cire mini shi kawai."

Amarya ta ji, ta ce ta ji ta gani. An ɗaura.

Ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba, har yau ina kuka. Amma ina ci, ina barci, na daina yi masa mugun fata. Na gode wa Ubangiji!

Ke da kike murmushi a nan alhali zuciyarki na ƙuna, ki dogara ga Ubangiji. Ni ma ban warke ba tukuna, amma ga ni a tsaye.