Mai Yankan Maƙogwaro

A wani shagon giya a garin Tomsk, tsohuwa Taisiya ta sunkuya ta zaro kwalbar vodka daga layin ƙasa. Wani direba da ba ta sani ba ya leƙo, riƙe da kwalba mai tsada daga layin sama.

"Iya, ajiye wannan, da ita ake wanke inji. Ɗauki ta sama, tana wucewa kamar ruwa."

"Wa ya ce maka ruwa na zo saya? Mai yankan maƙogwaro nake so."

"Wa za ki azabtar da ita?"

"Maigidana. In giya ba ta sa shi ya runtse ido ba, sai ya ce an cuce shi."

Direban ya yi dariya. "Halin tsohona sak. Ki saya masa mai kyau, ya sha ya ji bambanci."

"Ba sha zai yi ba, ɗan nan. A kofi zan zuba, in rufe da yankan baƙin burodi, in ajiye gaban hotonsa."

Direban ya sassauta murya. "To ai kowacce ma ta yi."

"Ba ta yi ba. Mai tsadar ba ta da wari. Wannan kuwa in ta kwana a kofi, sai ɗakin ya ɗauki warinsa. Da yana raye, a kan warin nan nake korarsa ya kwana a kujera. Yanzu har taga nake rufewa."

Ya mayar da kwalbar hannunsa sama.

"Miƙo mini ɗaya, Iya. Tsohon nawa ma hoto ne."